Sunan da Bai Kulle Ba

Ranar da ya fara aiki a kamfanin manhaja, ita aka sa ta duba masa kod, wato layukan umarnin da ake rubuta wa kwamfuta. Ta jawo kujera ta gyara tabarau.

"Malam, abin da ba zai canza ba ka sa masa const, ka kulle shi. In ka bar shi buɗe, wani layin zai sauya maka shi."

Ya ce to. Wallahi bai ji komai ba, idanunta yake kallo.

Ta raɗa masa Sarkin Gaggawa, shi yana ce mata Malamata. Da soyayya ta kai ga maganar aure, Abbanta dai ya ƙi: yaro duk rawar kai, ga ɗan amininsa likita yana jira? Da ƙyar Umma ta shawo kansa.

Don murna gogan naku ya haɗa shafin gayyata daga tsohon kod ɗin da yake yi wa masu biki, ya tura wa dangi ko dubawa bai yi ba.

Sai ga saƙonta: "Allah ya sanya alheri. Wace ce ita?"

Ya buɗe shafin. Innalillahi! Sunan ango nasa ne, na amarya kuwa na amaryar wani tsohon kwastoma ne. Ya kira, waya a kashe. Ya zauna, ya miƙe, ya zagaya ofis, tsoro ya cika shi. Ya rubuta: "Malamata, kar ki yanke min hukunci sai kin karanta kod ɗin."

Ya sunkuci kwamfuta sai gidan iyayenta. Abba na falo, fuska a ɗaure.

"Aure biyu za ka yi mana rana ɗaya?"

Ya durƙusa. Ta fito ido jajir, ta karɓi kwamfutar tana bin layi da yatsa. Can sai dariya ta ƙwace mata, ga hawaye.

"Abba, ba cin amana ba ne, sakarci ne. Bai kulle sunana ba, tsohon layi ya sauya shi." Ta turo masa kwamfutar. "Gyara, Sarkin Gaggawa."

Nan take ya sa const.

Abba ya dube ta. "Kin ga halinsa dai. Za ki iya?"

"Zan iya, Abba. Ina son abina."

Ranar ɗaurin aure Abba ne ya riƙe hannun ango, ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya. Amma katin suna, ita za ta rubuta."