Inuwa a Falon Solène

Magariba ta rufa a Montreal, dusar ƙanƙara na zuba, kowa ya watse daga ofis sai Solène. Hoton falon da ta ƙera a kwamfuta ya ƙi yin rai. Shugabanta ya ce in gobe hasken falon ya sake fitowa kamar na asibiti, ta nemi wani aikin. Idonta ya cika da ƙwalla.

"'Yata, haskenki ya cika tsabta," in ji wata murya a bayanta.

Wani tsoho ne, yana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Kai Baba, ka tsinka min zuciya! Sabon mai shara ne?"

"Rage fitilar sama ta cikin hoton. Bar rana ta shigo ta taga, ta bugi katako, ta koma bango."

Ta yi hakan. Hoton ya fito a hankali, da ɗumi kamar ɗakin kakarta. Har ta yi ajiyar zuciya, sai ta ga inuwar mutum kwance a kan darduma, alhali ba ta sa kowa a falon ba.

Ta waiwaya. A ƙarƙashin fitilar ofis tebur da kujera kowanne da inuwarsa, tsohon kaɗai ba shi da ita.

"Kada ki goge ta," ya ce. "Na daɗe ina nema mata ɗaki."