Wa Kake Jira a Tsohuwar Gadar Jirgi?

"Ina kake zuwa kullum da sassafe, Wendell?"

Lorna ta riƙe kan kekensa gam, ta tsare shi da ido. Masu gudun motsa jiki sai ratsa su suke yi.

"Aiki mana, masoyiya..."

"Aikinku ƙarfe takwas ne. Kekenka kuwa tun shida yana bakin tsohuwar gada!"

Ya kawar da kai.

"Ki ba ni mako biyu. Alkawari na ɗauka."

"Wa ka ɗaukar wa?"



Ta saki keken ta juya, idonta ya ciko.

Dama soyayyar tasu ba ta taɓa samun sarari ba. Wendell ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, da shi aka cire ƙarafan tsohon layin dogo aka shimfiɗa hanyar keke da ta masu yawon shan iska. Layin kuwa ta tsakiyar gonar mahaifinta, Orval, ya bi. Shekara uku tsohon yana shari'a a mayar masa da filinsa, ya sha kaye. Ranar da ta kai Wendell gida, daga bakin ƙofa aka kore shi. Ko da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Orval lokacin sanyi, bai yarda an ambaci sunan yaron a gabansa ba.

Zargin nan kuwa Shawna ce ta dasa mata shi, mai sayar da kofi a tsohuwar tashar jirgi, wadda ta daɗe tana son Wendell bai kula ta ba.

"Ni fa ba na son gulma, ƙawata... amma kullum kofi biyu yake saye. Ɗaya ba sukari. Wace ce mai tsoron ƙiba haka?"

Washegari gari na wayewa Lorna ta ratsa ta cikin masara, raɓa ta jiƙe mata wando. Ta laɓe bayan wata bishiya.

Ga shi can a kan gada. Ya ba ta baya, ya rungumo kafaɗar wani mutum mai doguwar rigar sanyi da hula, yana magana ƙasa-ƙasa.

"A hankali... ina nan, ba zan saki ba."

Da irin wannan muryar yake lallashinta!

Ba ta san lokacin da ta fito ba.

"Munafuki! Wannan ne aikin?"

Mai hular ya juyo da ƙyar.

"Baba?!"

Orval ya haɗe rai, kunnuwansa suka yi ja.

"To, kin gani. Hankalinki ya kwanta?"

"Kai da ka rantse ƙafarka ba za ta taɓa taka hanyar nan ba..."

"Likita ya ce in riƙa tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri. Duk garin nan ina ya kai layin jirgi shimfiɗa? Na sato jiki na fito ni kaɗai, na faɗi cikin ciyawa. Wannan ja'irin ne ya tsince ni. Na sa shi ya rantse, don in aka ji, dariya za a yi ta yi min har in mutu."

Ta dubi Wendell, hawaye na zuba.

"Mako biyun fa?"

Tsohon ne ya amsa, idonsa na kan ruwa.

"Na ce sai na iya ƙetare gadar nan ba sanda, sannan ya zo neman aurenki. Ba zan raka 'yata gaban jama'a ina jan ƙafa ba."

"Wendell... ka yafe min, rabin raina."

"Munafuki fa kika ce," ya faɗa yana murmushi. "Ya yi min zafi, Lorna."

"Na sani..."

"Ku daina kallon juna kada ku jefa ni rafi!" in ji Orval. "Ke, kama min wancan hannun."

Ta kama.

An ɗaura auren a watan Oktoba, bayan an cire masara. Orval ya jingina sandarsa a ƙofar coci, ya miƙa wa 'yarsa hannu don ya raka ta har gaban ango. Tafiyar ta ɗauki lokaci mai tsawo.

Babu wanda ya ƙosa.