Ajiyar Kuɗin Magini

Da magariba abin ya fara. Sodangi, wani baduku da ke zaune kusa da Ƙofar Dundaye, ya tsuguna zai yi alwala, sai gutsuren tubali ya faɗo a gabansa, tim! Wani ya biyo baya. Daga sabon ɗakin da yake gina wa tsohuwarsa jifan yake fitowa, ɗakin da ba rufi, ba kowa a ciki. Da jifan ya lafa, sai aka ji kamar ana ƙirga wuri a hankali, ƙas, ƙas, ƙas.

Kwana uku ana haka. Sodangi ya kasa zama, ya kasa ɗinki, ya shiga ya fita, ya leƙa ɗakin ya dawo. A rana ta huɗu 'yarsa Atika ta ajiye tulu, ta zauna a ƙofar ɗakin, idanunta suka juye. Ba ta ƙara cin abinci ba, sai ƙirga yatsu.

To, ga abin da Sodangi bai gaya wa kowa ba. An taɓa cinye masa kuɗin gini, don haka ya rantse ba mai ƙara yi masa. Shi kuma Bawa, maginin da ya ɗauka, yana tsoron ya yi aiki a hana shi. Sai suka shirya: kuɗin bango da na rufi, wuri zambar ashirin, wato dubu ashirin, suka zuba a tukunya suka binne a kusurwar ɗakin, sai aiki ya ƙare a tono. Bawa ya tambayi wa zai zama shaida. Sodangi, da shegen bakinsa, ya buga ƙafa a ƙasa yana dariya, ya ce aljanin wurin nan ya ba ajiya. Ko bisimilla babu! Bango ya kai, ranar ɗora azara Bawa ya faɗo, ƙugu ya karye. Sodangi ya tono tukunyar ya ɓoye, wai ai aiki bai ƙare ba.

Da Atika ta fara kasa tashi, tsoro ya kama shi sosai, ya kirawo Malam Hayatu daga wajen Hubbare. Malam ya daɗe yana karatu. Can yarinya ta ɗago kai, muryar wani tsoho ta fito daga bakinta.

"Malam, bar ƙona ni. Ni Musulmi ne kamarka."

"To mi ya kai ka jikin ɗiyar mutane?"

"Ajiya aka ba ni. Shekara ɗari uku ina wuringa, ban taɓa ko kazar kowa ba. Ubanta ya sa ni shaida, kuma shi ya sace. Ba ni tashi gaban Allah da amanar magini a wuyana."

Malam ya juyo ya dubi Sodangi. Sodangi ya sunkuyar da kai.

"In an mai da, ka fita?" in ji Malam.

"Shi zai kai, bisa kansa, da rana, mutane na gani. In wuri ɗaya ya ɓace, ni da ɗiyar mun tafi."

Sodangi ya rantse. Atika ta yi atishawa sau uku, ta kwanta, ta nemi ruwa.

Da hantsi Sodangi ya ɗauki tukunyar a ka, ya ratsa unguwa ana kallonsa. Ya tarar da Bawa kwance a tabarma, ya rame, gidan ko hayaƙi babu. Bawa ya sa aka juye wurin, ya ƙirga da kansa, ya raba biyu, ya turo masa rabi.

"Wanga na rufi ne," ya ce. "Ban yi rufi ba."

Sodangi ya durƙusa a gaban tabarmar, ya fashe da kuka.