Wayar Gwaji a Shagon Ƙarshe

Auta mai zanen manhaja ce, ita ke tsara inda kowane maɓalli zai zauna a allon waya. Aikin wani mai kantin magani ne a hannunta, kuma mutumin ya kai ta bango. Zanen ya yi kyau a kwamfuta, amma da ya buɗe a wayarsa sai rubutu ya hau kan rubutu. Ya ce gobe ta nuna masa a waya yana zaune daidai, ko ya ba wani aikin. Tata wayar kuwa allonta ya daɗe da tsagewa.

Ta wuni tana zaga shagunan sayar da waya. Wannan ya yabi kyamara, wancan ya yabi batir, kamar ta ce musu hoton biki za ta ɗauka. Ita matsakaiciyar waya take so, irin ta kowa, wadda launi ke fita da gaskiya, babban yatsa kuma ya kai ko'ina da hannu ɗaya. Ba wanda ya yarda ta buɗe zanenta kafin ta saya.

"Malama, saye za ki yi ko taɓe-taɓe?" in ji wani.

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Rana ta faɗi, ana ta rufe ƙofofi, sai yayanta ya kira.

"Auta, dawo gida haka nan. Gobe ma rana ce."

"Yaya, ai goben ce matsalar."

A ƙarshen layi, bayan matakala, ta ga shago ɗaya a buɗe. Ciki warin ƙonanniyar roba ne, haɗe da wani turare mai sanyi. Wani dattijo na zaune can bayan kanta, hannayensa a ɓoye cikin riga.

"Gwadawa kike so," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ɗauki waccan."

Wayar sanyi ƙalau. Auta ta shiga asusunta na aiki, zanen ya buɗe. Fari ya fito fari, kore ya fito kore, kowane rubutu a mazauninsa. Daɗi ya kama ta har ta manta da gajiya.

Sai maɓallin aikawa ya motsa. Ya ja jiki a hankali, ya hau can kusurwar sama.

Ta ja tsaki. "Ita ma wannan da matsala."

"Gyara ne, 'yata," in ji dattijon. "Kullum don masu gajerun yatsu kuke zane. Mu fa?"

Ƙarar wani janareto da ke waje ta ɗauke.

Dattijon bai tashi ba. Bai miƙo hannu ba.

Babban yatsansa kaɗai ya fito daga riga. Yana tahowa, gaɓa bayan gaɓa, yana ƙas, ƙas. Ya tsallake kanta. Ya bi ta bayan hannunta, sanyi kamar ƙarfe. Ya danna maɓallin.

"Kin gani? Daidai."

Ta saki wayar. Ba ta ji faɗuwarta ba.

Ƙafa me na ci ban ba ki ba, sai titi, sai gida.

Da numfashinta ya dawo ta buɗe kwamfuta, don aiki na jiranta. A gefen allo alama ta nuna mutum biyu ke kallon zanen. Sai a lokacin ta tuna ba ta fita daga asusunta a wayar can ba. Tana gani maɓallan suka fara hawa sama ɗaya bayan ɗaya.

Ta canza kalmar sirri, na biyun bai fita ba. Ta kwashe zanen zuwa sabon wuri, ya biyo shi.

"In kika miƙa wannan aikin," in ji Yaya daga bayanta, "wayoyin marasa lafiya zai shiga."

Ta sani. Da hannunta ta goge komai, tana kukan takaici.

Da safe ta kira mai kantin magani ta ce ya ba wani aikin.

"Dama na san ba za ki iya ba," ya ce.

Auta ta ajiye waya. Tsoron ya wuce cikin 'yan makonni. Wannan maganar kuwa har yau tana ci mata rai.