Amanar Sauda

"Mi Sauda ta hwaɗa miki?"

Hajiya Uwa ce, mahaifiyar Abdussamadu, saura sati uku a ɗaura mana aure. Tun daga Birnin Kebbi ta sa na zo gidanta a Argungu don tambayar nan. Ina durƙushe gabanta, shi yana bakin ƙofa kai a sunkuye.

"Ki gafarce ni, Hajiya... ko wanda ya shigo ofishina ba na faɗa, balle abin da ya ce."

"Ɗiyata ce!"

"Na sani, Hajiya."

Aikina ke nan. Na karanci halayyar ɗan Adam a Sakkwato, shekara shida ina sauraron masu damuwa a wata cibiya a unguwar Badariya, Birnin Kebbi. Ba na wa'azi, ba na yanke hukunci. Mutum ya zauna, in yi shiru, ya amayar da abin da ke cinsa, mu lalubi mafita tare. Maganar kuma a ɗakin take kwana.

Mansura ce ta kunna wutar, 'yar ƙanwar Hajiya da ta daɗe tana kwaɗayin Abdussamadu. Ta hango ƙanwarsa Sauda na fitowa daga wurina ido jajir, ta kai rahoto har da ƙarin gishiri. Munafuka!

Da na fito daga wurin Hajiya, a zaure Abdussamadu ya tare ni.

"Riskuwa, rabin raina... kalma ɗaya kawai. Inna ta rantse, in ba ki hwaɗi ba, babu aure."

"Masoyina, in na sayar da amanar ƙanwarka yau, gobe taka zan sayar."

"Ni hwa?"

"Ina sonka har ɓargo. Amma ba zan faɗa ba."

Aka ɗage aure. Na yi kuka, wallahi na yi, har na rame. Sai dai kullum ƙarfe takwas ina kan kujerata.

Sauda ta kira ni a waya. "Anti, bari in hwaɗa musu ki huta..."

"A'a. Sai ranar da kika shirya don kanki, ba don ni ba."

Ranar Talata da hantsi, sai ga Hajiya Uwa a ofishina. Ta ce Abdussamadu ya jira a mota, ta rufe ƙofa da hannunta.

"Ke yarinya, kin gwammace ki rasa ɗana da ki buɗe baki?"

Na ɗago kai.

"Eh, Hajiya."

Sannan ta zauna, ta rufe fuska da gefen mayafi.

"To ni ma ina da magana... shekara ashirin ban samu wanda zan hwaɗa ma ba."

Na matso mata da ruwa, na gyara zama ina sauraronta.

Sai da aka kira azahar muka fito. Ta kama hannuna gam, ta ja ni har jikin mota.

"Abdussamadu, kira baffanninka, Juma'a za a ɗaura. Wagga ɗiya, in ka bari ta kuɓuce, ban yahe ba!"