Ƙahon Da Ba a Kafa Ba

"Wallahi Yaya Talha ba za ka taɓa ƙafar nan ba!"

Zulfa ce ta tare ƙofar ɗakin mahaifinta, hannu a ware, idanu jawur.

Talha, ɗan wan babanta, yana tsaye da zabira a kafaɗa, ƙaho da aska a hannu.

"Ke matsa! Baba ne ya aika a kira ni."

Daga ciki aka ji tari mai tsawo, sannan muryar tsohon:

"Bar shi ya shigo... mataccen jini ne ya taru. Ni na san jini, tun ba a haifi uwarki ba nake zuƙe shi."

Duk wanda ya san Taura ya san Ɗan'inna Wanzami, mahaifin Zulfa. Ba a yi biyunsa ba. Ƙyanda ta gwada shi ta bari, kwalara ta zo ta koma da kunya, motar gero ta taɓa kifewa da shi a hanyar Ringim ya miƙe yana kaɗe riga. To sai ga korona, shekarar da aka kulle hanyoyi. Zazzaɓi, tari, numfashi sama-sama, yau kuma ƙwaurinsa na hagu ya kumbura suntum, ya yi zafi kamar an ciro shi daga murhu.

Zulfa ta latsa waya.

Izzuddeen take kira, ma'aikacin jinya a sashen masu korona a Dutse. Shi ne wanda Baba ya kora daga ƙofar gida wata biyu baya, bayan Talha, wanda shi ma yake sonta, ya baza cewa yaron da cuta yake yawo a riga.

"Zulfana... lafiya?"

"Baba ne! Ƙafa ɗaya ta kumbura, za su matse ta su kafa ƙaho..."

"Innalillahi! Kar a matsa! Sa wayar kowa ya ji."

Ta saka.

"Baba, barka da jiki. Gaskiyarka, jini ne. Amma ba a ƙarƙashin fata yake ba, yana can cikin babbar jijiya inda ƙaho ba ya kaiwa. Cutar nan idan ta yi tsanani, jiki yana yaƙarta har bangon jijiyoyi ya kumbura. Inda ya kumbura jini sai ya daskare, gudan kuma ya ƙara ta da kumburin. Haka suke ta ingiza juna. In aka yi tausa gudan ya ɓalle, huhu zai nufa."

Talha ya yi tsaki.

"Karatun boko! Baba, so yake a kai ka can su rufe ka, ko gawarka ba za a ba mu ba."

Abin da tsohon yake tsoro ke nan, ko da yake bai taɓa yarda yana tsoron komai ba.

Zulfa ta durƙusa a bakin ƙofa, hawaye na zuba.

"Baba, na ji, ka hana ni shi, na haƙura... Wallahi na haƙura! Amma kar ka hana ni kai."

Tsohon ya kalle ta.

"Mai da ƙahon zabira," ya ce da Talha. "Zan je in ga wannan korona ido da ido."

Motar asibiti ta zo ta ɗauke shi.

Makonnin da suka biyo baya, Zulfa a jikin waya ta yi su, Izzuddeen yana ba ta labarin jikin Baba.

"An sa masa iska."

"An fara masa allurar tsinka jini a gefen cibiya, da maganin kwantar da kumburi."

"Yau ya zagi mai shara, alhamdu lillahi, sauƙi ya samu!"

Ta yi dariya har da kuka.

"Kai fa? Ka ci abinci?"

"In na ji muryarki na ƙoshi, hasken idona."

"Na fa yi wa Baba alkawari na haƙura da kai..."

"Na ji da kunnena. Ki bar shi ya warke tukuna, sauran na Allah ne."

Ranar da Ɗan'inna ya dawo Taura, da ƙafarsa ya sauko daga mota. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, unguwa ta cika. Zulfa na bayan ƙyaure tana leƙe.

"Likitoci sun taru a kaina suna mamaki," in ji shi. "Suka ce jinin wani da tuni ya sallama. Allura kuwa, ko gezau! Kai yaro, ƙarya nake?"

Izzuddeen, wanda ya rako shi, ya sunkuyar da kai.

"Baba ya yi jarumta."

"Kun ji! Talha, ɗauko zabira, gobe za a yi min ƙahon murna."

"A'a Baba," Izzuddeen ya ce a hankali. "Ƙwayar da kake sha tana tsinka jini. Aka yi tsaga yanzu, ba zai tsaya da wuri ba. Sai likita ya ce an gama."

Jama'a suka zuba ido. Ba a taɓa ce wa Ɗan'inna a'a a zaurensa ba.

Tsohon ya shafa gemu.

"To ai sai ka riƙa zuwa kana faɗa min ranar. Kuma baƙo ba ya shigar min gida kullum... sai dai suruki. Turo manyanka!"

Talha ya saɓi zabirarsa ya fice, ba sallama.

Da zaure ya watse, Zulfa ta kawo masa kunu, tana ta sunne kai.

"Baba... me ya sauya maka ra'ayi?"

Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya rage murya.

"Ranar allurar farko, wani tsoho a ɗakin nan ya kurma ihu yana kiran innarsa. Yaron nan ne ya riƙe masa hannu. Yau kuma gaban duk unguwa na tambaye shi, kin ji abin da ya ce."

"Wane tsoho ne, Baba?"

"Ke, wani ne daga Buji! Miƙo min kunun."