Na Girme Shi, Sai Me?

Adawiyya tana tsakar gida tana tsintar shinkafa, Rauda ta faɗo ko sallama babu, ta yi wurgi da jakar makaranta a kan tabarma.

"Momi, gaskiya ne?"

"Koma ki yi sallama tukuna."

Ta koma bakin ƙofa ta yi sallamar kamar an shaƙe ta, ta dawo ta tsaya a kan uwar, idanu jawur.

"Wai aure za ki yi? Kuma wai wannan ɗan Fulanin mai sayar da shanu a Mai'adua? Duk 'yan kilas ɗinmu sun ji! A gaban kowa Haulatu ta ce mamana za ta auri sa'an ƙanenta. Haba Momi!"

Adawiyya ta ajiye faifan a hankali. "Sunansa Suhaibu. Gaskiya ne, na girme shi da shekara tara. Sai me?"

Rauda ta fashe da kuka ta shige ɗaki, ta bugo ƙofa.

Shekarar Adawiyya talatin da tara. Shekara shida ke nan da rasuwar mijinta, ya bar ta da Rauda tilo a wani ɗan gida kusa da Kusugu. Nas ce a wani ƙaramin asibiti a Mai'adua, kullum sai ta hau mota ta je ta dawo Daura. Gidansu gidan malamai ne tun kaka da kakanni, kuma tunda mahaifinsu ya rasu, yayanta Malam Abdulbaƙi ya gaji limancin unguwa, ya zama uba a gare ta.

A asibitin ta haɗu da Suhaibu, ranar da ya goyo mahaifiyarsa, Inna Talatu, a kan babur daga rugarsu, maciji ya sare ta. Bai yi boko ba, sai allo. Amma duk kwanakin jinyar shi ke ba uwar abinci a baki, shi ke wanke mata zane a bakin famfo, matan ɗakin suna yi masa dariya bai ko ɗaga kai ba. Bayan an sallame su ya ci gaba da zuwa gaisuwa duk ranar kasuwa. Wata rana ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin magani, sandarsa a kafaɗa, ya ce:

"Sista, ni ban iya zagaye-zagaye ba. Aurenki nake so."

Dariya ta yi masa ranar. Ta faɗa masa shekarunta, ta ce 'yarta ta kusa gama sakandare. Ya ce duk ya sani. Ta kore shi, ya dawo. Ta sake korarsa, ya sake dawowa. Har ta wayi gari ita ce ke duban hanya idan ranar kasuwa ta zagayo.

Washegarin rigimar Rauda, Malam Abdulbaƙi ya iso gidan da hantsi. Ko tabarmar da ta shimfiɗa masa bai hau ba.

"Adawiyya, wasu Fulani sun zo zaurena wai neman aurenki. Na ce musu sun yi ɓatan kai. Ko ba haka ba?"

Ta durƙusa. "Ba su yi ɓatan kai ba, Yaya. Ni na ba su izini."

"Ke! Kin san gidan da kika fito? Ubanki ya karantar da rabin unguwar nan, ki rasa wanda za ki kawo mana sai yaron da ya tashi a bayan shanu? Yaro ƙarami! In kika tsufa ya bar ki, wa za ki kai wa kuka?"

"Allah. Shi nake kai wa tun da baban Rauda ya rasu."

"Ni kike mayar wa magana?"

"Allah ya huci zuciyarka, Yaya. Amma shekara shida ina zaune, manema nawa ka kawo? Wannan ya ce in bar aiki, wancan ya ce in kai Rauda dangin ubanta. Na ƙi, ka ce na cika zaɓe. Yau na zaɓa. Ka faɗa mini aibinsa ɗaya a addini ko a hali — ɗaya tak — wallahi in bar shi."

Malam ya kaɗa babbar rigarsa. "Muddin ni ne waliyyinki, ba za a ɗaura wannan aure ba!"

A can ruga ma wuta ce ke ci. Inna Talatu ta dafe kai. "Suhaibu, likitar tana da kirki, ban musa ba. Amma kirki daban, surukuta daban! Mace mai 'ya budurwa? Ta iya tatsa? Za ta haifa maka?"

"Haihuwa ta Allah ce, Inna. Ba zan yi aure ba sai da yawunki. Amma kuma in ba ita ba, to ki yi haƙuri da ni haka."

Aka shiga zaman doya da manja. Malam Abdulbaƙi ya hana iyalinsa taka gidan ƙanwarsa. Sallah ta zo, ba a aiko mata ko tuwo ba. A gidan suna tana shiga mata ke yin shiru, wata ta ce da ƙarfi don ta ji, "Tsufa ya zo, wasu kuma yanzu suka fara 'yan matanci!" Adawiyya ta juya ta dube ta. "Aure na ce zan yi, Barakatu, ba yawon banza ba. In haramun ne ki kawo aya." Ta yi barka ta fito kai a sama. Sai da ta shiga ɗakinta ta kife a kan gado ta yi kukan da ta riƙe.

Abin da ya fi ci mata rai Rauda ce. Daga gaisuwa ba ta ƙara komai.

Rannan Rauda ta ce za ta je lesin, sai ta hau motar Mai'adua. Ta ratsa kara tana toshe hanci, tana tambaya har aka nuna mata shi, dogo, siriri, yana duba haƙoran wani bijimi.

"Kai ne Suhaibu? Ni ce 'yar Sista Adawiyya. Zuwa na yi in ce ka rabu da mamana. Ka raba ta da danginta, kullum kuka take!"

Ya saki bijimin, ya sa aka kawo mata benci a inuwa, shi kuma ya tsuguna nesa kaɗan.

"Kina da gaskiyar yin fushi. Da uwata ce ni ma zan yi. In ta ce in tafi, yau zan tafi, ba za ki sake jin sunana ba. Amma in tambaye ki: in kin gama makaranta ina za ki?"

"Yunibasiti mana. Likita zan karanta."

"Allah ya ba da sa'a. Daga nan sai aure. To ranar da kika fita daga gidan, wa zai rage a ciki?"

Bai jira amsarta ba, ya ci gaba:

"Masu yi miki dariya a aji, akwai wadda za ta zo ta taya ta hira? Ban zo in zama ubanki ba, ubanki ɗaya ne, Allah ya jiƙansa. Mamanki nake so in riƙe da mutunci."

Shi ya kai ta tasha ya sa ta a mota. Da ta isa gida ta tarar da uwar ita kaɗai a tsakar gida, tana cin abinci a ƙaramin kwano, rediyo na ta surutu ba mai saurare. Ta daɗe a tsaye tana kallonta. Sai ta durƙusa ta kifa kai a cinyarta.

"Sori Momi. Kaina kawai nake dubawa. Ki yafe mini."

Shekara ta zagayo. Inna Talatu ce ta fara sauka. Ta ga ɗanta ya ƙi kallon kowace yarinya, ga ƙannensa har sun yi 'ya'ya, ta ce, "Taurin kan ubanka ka ɗauko! Je ka auro likitarka, Allah ya sa albarka."

Saura Malam. Adawiyya ta tura dattawa, ya ƙi. Ta je da kanta ta yi kuka a gabansa, ya ƙi. Sai ta share hawaye ta ce, "Yaya, ba zan yi komai a ɓoye ba. Zan je wurin alƙali ya zama waliyyina. Kai ka karantar da ni cewa shari'a ta ba ni wannan dama."

"Ni za ki kai ƙara?"

"Haƙƙina zan nema."

Ranar zama a kotu, Rauda na riƙe da hannun uwarta. Alƙali ya saurari kowa, sannan ya dubi Malam Abdulbaƙi.

"Malam, kai masani ne. Tsakaninka da Allah, ka san wani aibi ga wannan mutum a addininsa?"

Malam ya riga ya sa an bincika masa Suhaibu tun daga kara har ruga, yana neman abin kamawa, bai samu ba. Kuma duk zafinsa, bai taɓa yin ƙarya ba.

"Ban sani ba."

"A halinsa fa? Ko ba zai iya ci da ita ba?"

"Zai iya."

"To me ya rage?"

Malam ya sunkuyar da kai. "Abin da mutane za su ce, Allah ya gafarta Malam."

"Wannan kuwa ba ya cikin littafi. In ka ƙi, ni zan aurar da ita."

Malam ya ɗago ya dubi ƙanwarsa, ta rame, amma idonta na cikin nasa ba ta kawar ba.

"A'a. Ba wanda zai aurar da 'yar ubana ina raye. Su zo zaurena ranar Juma'a."

Adawiyya ta zube a gabansa tana kuka, Rauda na kuka tana dariya.

Ranar Juma'a unguwa ta cika da Fulani da malfuna, malaman gari na gefe da rawunansu, aka ɗaura aure. Shi Malam da bakinsa ya yi addu'a, ya daɗe yana yi. Suhaibu ya kama gida a Mai'adua kusa da asibiti, Adawiyya ta ci gaba da aikinta. Masu surutu suka yi suka gaji, suka koma kan wani. Da Rauda ta sami gurbin karatu, Suhaibu ne ya ɗauki akwatinta a ka har cikin mota.

Shekaru da asali ba su ke riƙe aure ba, tsoron Allah da hali su ke riƙe shi. Wanda ya tsaya a kan halal, ya yi haƙuri bai zagi na gaba ba, bai kuma sayar da haƙƙinsa don tsoron bakin mutane ba, ko an daɗe Allah zai buɗe masa ƙofa.